Yadda Na Zauna a Bayan Keken Ɗan Farina

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, mai ɓarar gyaɗa ma ta ɗan dakata. Ba zan taɓa mantawa ba, wata Asabar ce da damina, ranar da ɗan farina ya kawo abin hawa gida. Ko na so in manta ma, matan unguwarmu ba za su bari ba.

Ɗan farin nawa malamin gona ne a sakatariyar Roni. Ƙauyenmu kuwa yana bayan duwatsu, hanyar duk tsakuwa ce da kwazazzabo. Da acaɓa yake zuwa aiki. Da mai ya yi tsada, albashin ya koma ƙarewa a aljihun 'yan acaɓa, ranar da babu sai ya taka da ƙafa, ya isa rana ta take. Har shugabansa ya ja masa kunne, ya ce in ya ci gaba da makara, to a bakin aikinsa. Aikin nan kuwa shi ne tuwon gidanmu duka.

Duk wannan ba daga bakinsa na ji ba. Ni irin matan da ce, kunyar ɗan fari na riƙe ta da hannu biyu. Ban taɓa kiran sunansa ba, “wancan” nake ce masa. Ba na kallon fuskarsa a gaban mutane, ba na tambayar harkarsa. (Kuma ina alfahari da haka, har nakan yi wa matan zamani gori.) Labarinsa ta bakin matarsa Rabi yake iso ni.

Rannan ina tankaɗe sai ga Rabi, baki har kunne.

“Inna, ofis za su saya masa abin hawa. Su ne za su biya, a riƙa cira kaɗan-kaɗan a albashi, wai har harajin da ake yankar masa zai ragu. Mai hawa dutse ne, Inna, ga giya, ga manyan tayoyi, har da hular kwano. Sai dai fa shi...”

Na ɗaga mata hannu. “Ya isa. Ina ruwana da harkar wancan?”

Baki ne ya faɗi haka, amma zuciyata tuni ta hau babur ta kama hanyar Kazaure. Ku gaya mini, abin da yake da giya, yake hawa dutse, ake sa masa hular kwano, in ba babur ba mene ne?

Ni da na ce ba ruwana, kafin magariba na kai labarin gidan ƙawata Tabawa, wadda tun da ɗanta ya sayi babur ba mu ƙara shan iska ba. Washegari na tare Sale, ɗan acaɓar da ke kai ni kasuwa, a gindin dalbejiya, gaban majalisa.

“Sale, daga makon gobe ka huta. Mun gode da girgiza mana ƙashi.”

“Inna, me na yi?”

“Ba ka yi komai ba. Namu ne ya zo.”

Na aika garin Gwiwa aka gaya wa dangi. Na jiƙa shinkafa, na ce za a yi wainar sadaka. Na kuma yi shela cewa uwa ce za a fara ɗauka don albarka, har Kazaure. Tabawa ta ce, “Ke da ba kya kallonsa, yaya za ki hau bayansa?” Na ce, “Da fuska a rufe. Ai ba da ido ake zama ba.”

Asabar ta zo. Bayan la'asar ƙofar gida ta cika, ga tiren waina a kan tabarma, ga roba cike da miyar taushe. Na ci ado da atamfar da nake ajiye wa biki. Can sai yara suka ɗauki ihu, “Ga shi nan! Ga shi nan!” Na kuwa ji ƙarar inji da hon, ras a kunnena. (Ashe Sale ne ya biyo shi a baya don ya ga abin da aka kore shi saboda shi.) Nan da nan na ja mayafi na rufe fuska, na juya baya, kamar yadda ya dace da uwar ɗan fari.

Na ji wurin ya ɗan yi tsit, na ce a raina kyan babur ne ya kashe musu baki. Rabi ta kamo hannuna tana cewa, “Inna, tsaya ki ji,” na fizge. Na ja da baya, na ja da baya, na laluba har na taɓo rigarsa. Na tattara zani, na yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, na saki jikina gaba ɗaya a inda kujera ya kamata ta kasance.

Jama'a, keke ne. Keken ma irin wanda ba shi da wurin zama a baya, ko ƙarfen ɗaura buhu babu. Taya ce tsirara mai ƙuraje kamar bayan kada. Ta karɓe ni, ta mirgina gaba, ta miƙa ni ga ƙasa. Na sauka a cikin tiren waina, ƙafa ɗaya a sama, gwiwar hannu a cikin miyar taushe.

Sai muryar Tabawa: “Sannu da hanya. Yaya mutanen Kazauren?”

Wurin ya fashe. Har masu salati dariya suke yi a tsakiyar salatin. Sale ya kashe babur ɗinsa, ya durƙusa da ladabi, ya ce, “Inna, ranar kasuwa in zo, ko har yanzu hutun nake?”

Ina zaune cikin waina sai na ji muryar wancan kusa da ni.

“Inna, ki yafe mini. Na ba ki kunya. Litinin zan mayar musu da shi.”

Nan dariyar ta fita daga kunnena. In ya mayar, ya koma tafiyar ƙafa, aikin ya tafi ke nan, kuma saboda ni. Na yaye mayafin, na dube shi ido cikin ido a gaban duk unguwa. Ashe har furfura ta fito masa a gemu ban sani ba.

Na ce, “Abin nan yana shan mai?”

“A'a, Inna.”

“Yana hawa dutse da gaske?”

“Yana hawa.”

“To hau wancan dutsen mu gani.”

Ya ɗaura hularsa, ya taɓa wani abu a hannun keken ya yi ƙas-ƙas, ya haye hawan bayan gari, wanda ɗan Tabawa sai ya sauke fasinja kafin ya hau shi. Ya juyo ko haki ba ya yi. Daga inda nake zaune na sa wa keken albarka, na sa wa mai shi, sannan na ce a ɗaga ni.

Wancan yana nan a bakin aikinsa, yanzu ma shi yake riga mai shara isa ofis. Rabi ba ta ƙara fara mini magana na katse ta ba. Tabawa har gobe in mun haɗu sai ta tambaye ni mutanen Kazaure. Sale ya dawo ɗaukata, amma duk ranar kasuwa sai ya bubbuga kujera ya ce, “Inna, taɓa ki ji, akwai ta.” Wainar kuwa kaji suka ci sadakar.

Ni ma ban bar kunyar ɗan fari ba, har yau ban kira sunansa ba. Sai dai yanzu, duk inda zan zauna, nakan ɗaga mayafi in leƙa tukuna.