Adireshina na Hulme

Ranar da na zauna cike takardun bizar matata Ladi da 'yarmu, ji nake ba wanda ya kai ni iya cike fom. Ina aikin sojan Birtaniya lokacin, ana ta rufe barikoki, yau a kai mu nan, gobe can. Sai ga layin adireshi na dindindin.

Kawuna da ke Birmingham ya ce, "Sa gidana mana, ba inda za ni."

Na ce, "Kawu, Manchester ta fi kwarjini a takarda."

Na rangaɗa adireshin gidan da na taɓa haya a unguwar Hulme da ke Manchester.

Wata biyar shiru. Da na samu hutu na je duba wasiƙa, na tarar an rushe ginin. Can aka aika takardar neman ƙarin shaida, wa'adi ya wuce, aka hana su biza. Ladi ta ƙara shekara a Kaduna. 'Yarmu ta fara tafiya ina kallo ta waya.

Sun iso tuntuni. Amma har yau in muka wuce kango, Ladi takan taɓo ni: "Maigida, ba za ka leƙa ka duba wasiƙa ba?"