Ranar da Na Ɗauke Wuta da Bakina

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da idona ya fara faɗawa a kai ranar da aka kai mu ɗakin koyon aikin kafinta na makarantarmu a Gwagwalada: ɗan yatsan Malam Yohanna na hagu, wanda ba shi da farce kuma bai kai 'yan uwansa tsawo ba. Sauran 'yan aji suna ta kallon sabon injin da ke kan tebur, ni kuwa ina kan yatsa. (Halina ke nan. Ba na iya kallon fuskar mutum, don haka na fi kowa sanin takalman malamai da hannayensu.)

Lokacin gwamnati na tsakiyar kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja. Mu ma a haka muka zo, don an dawo da ofishin Babanmu, gidan da za a ba shi a cikin gari kuma ba a gama ba. Ko'ina ka duba gini ake yi, kafintoci ba su da lokacin kansu. A cikin wannan hada-hada aka aiko wa makarantarmu zarto mai aiki da lantarki. Faifai ne mai haƙora a jikin wani hannu da ake saukarwa kan katako, ana kuma iya juya shi ya yanka a karkace, yadda katako biyu za su haɗu su ba da kusurwa kamar ta firam ɗin hoto.

Malam ya ga inda nake kallo. Sai ya ɗaga hannun sama.

"Wannan yarinya ya riga ya ga darasin yau," in ji shi da Hausarsa. "Ina yaro a wurin ogana, na ce bari in cire ɗan guntun katako, faifai bai gama tsayawa ba. Faifai ya ce to, ba ni kuɗin shiga."

Aka yi dariya. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage.

Matsalar ita ce shugabar makaranta, wadda muke kira Hajiya, ba ta son ganin mata kusa da injin nan. Ta ce mu 'yan matan da muka zaɓi kafinta mu koma ajin ɗinki kafin a kawo mata 'yar mutane da guntun hannu. Malam ya roƙe ta ta jira zuwan masu duba makarantu daga ma'aikatar ilimi; idan sun ga mata ba za su iya ba, shi da kansa zai raka mu ajin ɗinki. Ni kuma ba na son barin ɗakin nan. Shi ne wuri ɗaya a makarantar da ba a bukatar in buɗe baki, katako kawai zan auna in yi shiru.

Dokokin Malam na haddace su kamar karatun allo. A cusa bakin hijabi cikin rigar aiki, a cire awarwaro, a sa tabarau. A jingina katako da bangon injin a matse shi, kada a riƙe ƙaramin guntu da hannu. Hannun hagu ya yi nesa da faifai, kuma kada ya taɓa gittawa ta gabansa. A bar faifai ya ɗauki gudu sosai kafin a saukar, a bar shi ya tsaya cak kafin a ɗaga. Babbar dokarsa kuwa, wadda ya ce shi ya ƙirƙiro ta, ita ce: kafin ka taɓa faifai, ko don dubawa ko don canzawa, ka zare filogi daga bango ka sa shi a aljihun rigar aikinka.

"In yana kan tebur, wani mai taimako zai zo ya mayar maka," in ji shi. "In yana aljihunka, sai ya nemi izini."

Da ranar zuwan baƙi ta matso, Malam ya ce ni zan nuna yadda ake aiki. Ƙawata Rakiya, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Malam, wannan? Ko sunanta aka kira a aji sai an kasa kunne!"

"Ba waƙa zai yi ba," in ji Malam. "Katako zai yanka."

Baƙin suka zo da hantsi. Shugabarsu wata mata ce Bayarabiya mai babban ɗankwali, ana ce mata Madam, takalminta ja wur da ƙasar Abuja. (Kun ga, takalmin na fara gani.) Hajiya ta tsaya gefenta ta harɗe hannu. 'Yan aji suka jeru jikin bango. Fanka na juyawa a sama, ƙwan lantarki na ci.

Na fara, kuma wallahi da kyau na fara. Na cusa hijabi, na sa tabarau. Na zare filogi na jefa a aljihu. Na ɗaga murfin faifai na bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya karye, babu tsagewa, kuma suna fuskantar inda kibiyar jikin murfin ta nuna. Na taɓa ƙusar tsakiya na ji ta ɗaure tam. Na juya injin zuwa kusurwar da ake so, na matse katako, na janye hannun hagu. Na ji Madam ta ce, "Ehen." Kaina ya fara girma.

Na kama hannun injin na danna maɓalli.

Shiru.

Na sake dannawa. Shiru. Gumi ya cika tabarau har ban gani sosai. Kowa na jira, Hajiya ta fara gyaran murya. Sai na ji ya kamata in ceci Malam da injinsa da mu duka. Ni da ban taɓa ɗaga murya a makarantar nan ba, na juyo na fuskanci manyan baƙi, na faɗa da ƙarfin da ban san ina da shi ba:

"An ɗauke wuta!"

Kowa ya ɗaga kai sama. Fanka na ta juyawa abinta, har tana kaɗa bakin ɗankwalin Madam. Ƙwai na haske. Daga ofishin Hajiya ma ana jiyo rediyo.

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma tunda na riga na yanke hukunci cewa babu wuta, sai na yi abin da ake yi in an ɗauke ta: na kama hanyar komawa wurin zamana. Taku kaɗan na yi, wayar injin ta miƙe, ta fizgo ni baya ta aljihu kamar akuyar da ta manta an ɗaure ta a turke. (Allah ya sa an kafe injin a tebur da ƙusoshi, da shi ma ya biyo ni.)

"Ga wutar nan a aljihunki, 'yar uwa!" in ji Rakiya.

Ɗakin ya fashe. Har direban baƙin da ke leƙe ta taga sai da ya riƙe ciki. Hajiya kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Kin gani ko, Madam? Abin da nake faɗa ke nan. Yaran nan su rikice…"

Madam ta share hawaye ta yafito ni. "Zo nan, yarinya. Me ya sa ka sa wannan abu cikin aljihu?"

Na amsa wa takalminta, "Don kada wani ya mayar da shi hannuna yana kan faifai."

"To Hajiya, wannan rikicewa ni ina so," in ji ta. "Wanda ya manta sa wuta, mun yi dariya, ya ƙare. Wanda ya manta cire wuta, yanzu muna hanyar asibiti. Oya, je ka yanka mu gani."

Na mayar da filogi a bango. Na goge gumin tabarau, na kama hannun injin na danna maɓalli. Faifai ya ɗauki gudu, na saukar a hankali, na jira ya tsaya cak, sannan na ɗaga. Da aka haɗa guntayen biyu, kusurwar ta zauna ba ko ƙofar da allura za ta shiga. Hajiya ta juya ta gaba da baya, ta ajiye, ta ce mu ci gaba zuwa ƙarshen shekara ta gani. Har yau ba ta sake ta da maganar ɗinki ba.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya ɗora wa masu wuta laifi, ya fara laluba aljihunsa. Kuma in mai kunya za ta yi magana sau ɗaya a shekara, ta daure ta ɗaga kai ta dubi fanka tukuna.

Sunan dai ya bi ni. Yaran ajin farko ma da ban sani ba, in na wuce sai in ji "An-Ɗauke!" Ranar da na ji Babanmu zai zo taron iyaye, na ja Rakiya bayan aji na ba ta rabin ƙosaina.

"Don Allah, Rakiya," na ce, "gobe kawai, in kin ga Baba, ki kira ni da sunan da ya raɗa mini."