Malam Kar-a-Taɓa da Muƙamuƙin Sama

Duk makarantar koyon aikin jinya babu masani kamar Malam Kar-a-Taɓa. In kana shakka, tambaye shi. Shekara goma sha tara yana koyar da ƙasusuwan fuska, kuma Allah ya sani bai taɓa gajiya da jin muryar kansa ba.

Yana da ƙoƙon kan mutum na roba a kabad, makullin a aljihunsa. Ranar darasi zai fito da shi a kan tire, ya goge da hankici, ya nuna da tsinin biro daga nesa. Ɗalibi ya miƙo hannu, sai ka ji: "Kar a taɓa!" Shi kansa gogewa kawai yake yi.

To, kujerar shugaban sashe ta zama babu kowa. Malam ya ƙwallafa rai, har ya fara gwada sa hannu a bayan takardun jarrabawa. Matarsa kuwa tuni ta sanar da danginta. Abu ɗaya ya rage, ya yi darasi a gaban wata tsohuwar likitar haƙori da aka turo tantancewa.

Ranar, Malam ya sha turare, ya gyara murya.

"Muƙamuƙin sama! Shi ke riƙe haƙoran sama, shi ke tallafe ido, shi ya yi wa hanci bango. Na ƙasa ya yi ta kai-kawo, shi ko gezau. Curarren ƙashi ne, cike tam kamar dutse!"

Daɗi ya kama shi har ya ji kamar ya tafa wa kansa.

Likitar ta taso ba sallama, ta ɗauki ƙoƙon. Malam ya haɗiye "Kar a taɓa" ɗinsa da ƙyar. Ta sa farce gefen hanci, ta ɓalle wani ɗan murfi da bai san da zamansa ba. Sai ga kogo a cikin muƙamuƙin sama, fayau.

Malam ya leƙa, ya sake leƙawa. Amma namiji ne, bai rasa abin faɗa ba.

"Kin ga ha'incin kamfani ko, ranki ya daɗe? Sun yi mana rowar roba."

Likitar ta rufe fayil ɗinta. Ta kai yatsa ta ƙwanƙwasa kumatun Malam a hankali.

"Kowa da wannan kogon aka halicce shi, Malam. Naka dai kamar ya zarce sama."