Ranar da Na Yi wa Pipet Wanka

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi yin abin kirki sau ɗaya a rayuwata ba. Da ma a gidanmu na unguwar Zariya da ke Maraɗi an san halina: da an ambaci wanke-wanke sai ciwon kai ya sauko mini. Inna takan ce ranar da na wanke cokali, Gulbin Maraɗi zai kawo ruwa da rani.

Lokacin hutun lakol ne, ba karatu. Inna ta aike ni in kai wa Yaya Rabi abincin rana a wurin aikinta, wato labo inda ake ajiye jinin da mutane ke bayarwa. Na sauka daga kabu-kabu ina yanga kamar ni ce babbar likitar.

Na same ta a wani ɗan ɗaki tare da wani dattijo mai tabarau, Malam Isufu, wanda ya zo takanas daga Yamai. Taga a rufe, fanka a kashe, zufa kamar an kwara musu bokiti. Na miƙa hannu zan kunna fankar, Yaya ta buge shi.

"Ke, iska na motsa sikelin. Zauna can, kada ki taɓa komi."

Aikin da suke yi na pipet ne, wani abu kamar ƙaton biro mai maɓalli a ka, wanda ake zuƙo ɗigon jini da shi daidai gwargwado. In ya zuƙo fiye da kima ko ƙasa da ita, gwaji zai yi ƙarya, jini mai cuta ya wuce a matsayin lafiyayye. Shi ya sa tun safe Malam Isufu ke zuƙo tataccen ruwa, ya ɗiga a sikeli, ya duba nauyin, ya murɗa, ya sake. Wanda ya daidaita sai ya manna masa ƴar koriyar takarda. (Duk wannan daga baya na sani. A lokacin ni dai manya biyu na gani suna wasa da ruwa.)

Da aka kira azahar Yaya ta yi miƙa. "Alhamdu lillahi, mun gama. In mun dawo sai mu fara gwada jinin da aka karɓo a Tibiri da Jiratawa." Suka tafi salla, suka bar ni da shaiɗanina.

Na dubi pipet ɗin nan a rataye, duk shatin yatsu, ga takardu an manna musu kamar kayan gwanjo. Na ce a raina, yau zan rufe bakin masu ce mini malalaciya. Ga famfo a kusurwa, ga roba, ga garin sabulu. Na haɗa kumfa mai rai da lafiya, na jiƙa su gaba ɗaya. Takardun suka yi taurin kai, na sa farce na kankare. Na riƙa danna maɓallin cikin ruwa don sabulu ya shiga ko'ina, ina waƙa. Da na ɗauraye, na buɗe taga na kife su a rana kamar kwanonin Inna. Sannan na zauna na harɗe ƙafa ina jiran yabo.

Malam Isufu ya fara shigowa. Ya dubi inda ya bar su, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Madam Rabi, ina pipet?"

"Na wanke su, Baba," na ce. "Ga su can suna shan rana."

Yaya ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Sulalewa ta yi ta zauna a ƙasa, baki buɗe, carbi a hannu. Malam Isufu ya ɗauko guda ya danna. Wani ƙwan kumfa ya fito daga bakinsa, ya tashi a hankali, ya fashe a kan tabaransa.

"Har ciki?" ya tambaya.

"Har ciki, Baba." (Ku yarda da ni, har a nan da ɗan alfahari na faɗa.)

"Ɗiyata, a gida ma haka kike da ƙwazo?"

"Wagga?" in ji Yaya daga ƙasa. "Ko kofin da ta sha ruwa ba ta ɗaurayewa. Yau Allah ya shirye ta, a kaina." Sai ta ɗago ta dube ni. "Kin san akwai mace a ɗakin haihuwa da ke jiran jinin nan?"

Waƙar da nake yi ɗazu ta dawo mini kamar mari. Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ya ƙi.

Allah ya rufa asiri, Malam Isufu na da nasa pipet a jaka, da shi aka gwada jinin da matar ke jira, aka kai mata. Amma motar Yamai ta tafi ta bar Malam Isufu. Sai da ya warware kowane pipet da na wanke, ya ɗauraye, ya busar, ya shafa mai, ya ɗaura. Washegari aka koma kan sikeli daga farko, kuma Yaya ta ce dole in zo. Na wuni a ɗakin nan ba fanka, hannuwana a ƙarƙashin cinya, ina kallon ɗigo bayan ɗigo. Ma'aikata suna ta leƙowa da sallama, wai sun zo gaida mai wankin.

Na koyi darasi: duk abin da na gani da koriyar takarda, daga nesa nake gaishe shi. Na kuma yi wa Inna bayani cewa wanke-wanke abu ne mai haɗari, don haka na yi ritaya. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta turo mini tukwanen tuwo da ƙafa.

"Waɗanga ba su da takarda," ta ce. "Har ciki."