Albasar Mushe

Shekarar da na baro lakwal, makarantar boko, gari duk ya tattara a gonakin gujiya, ni ko na ce hannuna na alƙalami ne. A bayan ɗakin Inna akwai 'yar garkarta, lalo da yakuwa da karkashi, kowane ya fito inda ya ga dama. Su take busarwa mu yi miyar shekara. Na dube su na girgiza kai, don mu a jardan, lambun lakwal, da igiya muke shuka.

Ranar da ta tahi kasuwar Mayahi na tuge su kaf, na ja igiya, na zuba irin albasa layi huɗu.

Da ta dawo ta daɗe tsaye. "Albasa da damina, ɗan nan?"

"Inna, hakanan nasara ke yi."

Kwana shida sai ga tsiro siri-siri, kore shar. Sahe da marece ina ban ruwa, har taki na ɗauko a ka. Kawu Idi ya duƙa ya shinshina, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Madalla, Mushe, ci gaba," ya tahi kafaɗunshi na rawa.

Sai da shukar ta yi kai ta kama mini wando na gane ƙarangiya nake kiwo. Albasar ko ɗaya ba ta fito ba.

Ranin nan miyar kuka munka sha har ta fita ranmu. Har yau in ƙarangiya ta kama wani a hanyar gona, sai ya ɗaga ƙafa ya ƙwala mini kira: "Mushe, zo ka cire albasarka!"