Huhun Kawu Sale

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba: ranar ɗaurin auren ƙanwata a Balan. Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon aikin lafiya ba, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro allura.

A wayata akwai wata manhaja ta taimaka wa masu son barin taba. In ka saita kyamara a ƙirjin mutum, sai ta ɗora hoton huhu a kan rigarsa, yana numfashi, yana yin baƙi a hankali. Zane ne kawai, ba gwaji ba. Ko wa ka haska, abin da za ta nuna ke nan. (Na san haka sarai. Ban dai faɗa ba.)

Bayan an shafa fatiha, ana zaune a tabarma ana cin shinkafa, sai na hango Kawu Sale, yayan mahaifiyata, wanda tun ina yaro na san shi da sigari. Na ce yau zan yi wa'azi.

"Kawu, ɗan tsaya in duba ka."

Mutane suka taru a bayana. Huhu ya fito a kan farar rigarsa, ya yi baƙi ƙirin. Na ɗaga murya: "Kun gani? Aikin taba ke nan!"

Ina jiran dariya, ko ya ɗan zage ni kamar yadda ya saba. Sai ya ajiye cokali, ya daɗe yana kallon wayar.

"Ashe har waya ta gani," in ji shi a hankali. "Haka likita ya ce min a Kano watan jiya. Na so a gama bikin nan tukuna kafin innarka ta ji."

Na fara in-ina: "Kawu, wallahi ba gwaji ba ne, ko ni aka haska..." Na juya wayar zuwa ƙirjina, nawa huhun ma ya yi baƙi. Ba wanda ya yi dariya. Kafin la'asar magana ta shiga cikin gida, Inna, mahaifiyarmu, ta sallami amarya da kuka biyu.

Kawu bai kai girbi ba. Zuwana gaishe shi na ƙarshe, ya ce, "Likita, yau ba ka zo da na'urar ba?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Taba kuwa, ashe ya bar ta tun ranar da ya dawo daga Kano. Ni ne ban tambaya ba.

Yanzu kafin in yi wa mutum nasiha, sai na fara ce masa, "Ya jiki?" in kuma rufe bakina in ji amsa.