Rasuwar Garmahon Malam Sabitu, Wanda Ya Tafi da Kiɗan Inna Meram

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma nadamar da ba ya ɓoyewa, Malam Sabitu Yuguda, mai busasshen kifi a kasuwar Gashua, yake sanar da rasuwar garmahon gidansu, ranar Juma'a da hantsi, a wani shagon kwamfuta da ke Nguru. Ya rasu yana da shekara talatin da biyu.

Marigayin ya sauka Nguru a jirgin ƙasa a 1974, a kan cinyar mahaifin Malam Sabitu. Duk wanda ya zauna da shi ya shaide shi da haƙuri. Bai taɓa tauna waƙar kowa ba kamar yadda rikoda ke yi wa kaset. Ba ya fara magana sai ya gyara murya, ƙar-ƙar-ƙar, tas, sannan ya saki waƙa. Ko da faifan sidi ya shigo gari aka daina kula shi, bai riƙe kowa a zuciya ba.

Babbar amanar da ke hannunsa faifai ɗaya ne, wanda mahaifiyar Malam Sabitu, marigayiya Inna Meram, ta yi da ƙawayenta masu kiɗan ƙwarya. Muryarta ba ta rage a ko'ina ba sai a nan.

Ciwon ajali ya fara ne da jan ƙafa, har muryar Inna ta koma ta namiji. Ganin haka, Shuhada, 'yar Malam Sabitu da ke aiki a shagon, ta ba da shawarar a kwashe waƙar zuwa kwamfuta tun da sauran numfashi. Ta nuna wa mahaifinta manhaja biyu: ɗaya tana kwafa yadda ta ji, ɗaya tana wanke ƙarar faifai. Mutumin da ya shekara arba'in yana kakkaɓe yashi daga kifi kafin ya nuna wa mai saye, wacce kuke zaton zai zaɓa? Ya sa aka wanke har ƙarshen wanki. Ya kuma matsa sai da aka goge kwafin farko, don a ganinsa ba a ajiye datti.

Aka zuba masa wankakkiyar waƙar a sidi, sai a gida ya saurara da kyau. Ashe manhajar ba ta san ƙwarya ba, duk bugu ɗaya ta ɗauke shi ƙarzuwa ta share. Inna na waƙa ita kaɗai, ba kiɗa, ba tafi. A ranar Malam Sabitu ya yi kuka, bai ji kunyar kowa ba.

Aka koma Nguru don a sake. Marigayin ya zagaya sau uku, ya ce ƙirrr, allura ta keta faifan daga baki har cibiya. Daga nan bai ƙara motsi ba.

Ya bar faifai arba'in da ɗaya marayu, da sifika biyu, da mai gida da ke ɗora wa kansa laifi.

Za a lulluɓe shi da zanen Inna a ɗora bisa kabad ranar Lahadi bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Malam Sabitu na roƙon duk wata tsohuwa da ta taɓa zama a da'irar Inna Meram, a Gashua take ko a Yusufari, ta daure ta zo da ƙwaryarta. Zai kunna sidin, ita kuma ta taya Inna.